Hukuncin sanya wa yarinya suna Aynur

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Maigidana ya yi karatu a Turkiyya, yanzu Allah ya ba mu 'ya mace, yana son ya raɗa mata suna Aynur, amma dangina sun ce ba sunan Musulunci ba ne. Mene ne ma'anarsa, kuma ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya raya ta, ya sa ta zama sanyin idanunku.

Aynur, wanda ake furtawa "Ainur", kalmomi biyu ne aka haɗa. "Ay" a harshen Turkanci shi ne wata, kuma kamar yadda yake a Hausa, kalmar tana nufin watan da ke sama da kuma watan lissafin kwanaki. "Nur" kuwa Larabci ne, ma'anarsa haske. Sunan ke nan yana nufin hasken wata, kuma Musulmi suna sanya shi a Turkiyya da Azarbaijan da Kazakistan.

'Yar'uwa, shari'a ba ta sharɗanta cewa sai suna ya zama na Larabci ba, abin da take dubawa shi ne ma'ana. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza sunan 'yar Umar daga "Aasiya", mai harafin sadi, wato mai saɓo, zuwa Jamila, kamar yadda Muslim ya ruwaito, ya kuma mayar da sunan Barra, wato mai nagarta, zuwa Zainab saboda yabon kai da ke cikinsa, amma bai taɓa sunan Mariya 'yar Misira ba. Mu ma nan muna da Laraba da Talatu da Azumi. Shi kuwa Aynur, Allah da kansa ya siffanta wata da "nur" a suratu Yunus aya ta 5 da suratu Nuhu aya ta 16, kuma abin da ya keɓanta da Allah shi ne An-Nur a matsayin sunansa, ba kowane haske ba, shi ya sa aka yi wa Sayyidina Usman laƙabi da Zun-Nuraini, wato ma'abocin haske biyu.

Sai dai ina jan hankalin maigidanki da kada ya ɗauki wannan hukunci a kan kowane sunan Turkawa. Akwai Umay, alal misali, wanda yake da daɗin faɗa, amma asalinsa sunan abar bautar Turkawan dā ce da suke ganin tana tsare jarirai da masu haihuwa, har an ambace ta a rubutun duwatsun Orkhon na ƙarni na 8 a ƙasar Mongoliya. Irin wannan bai halatta ba.

Saboda haka Aynur halal ne, kuma raɗin suna haƙƙin uba ne idan an sami saɓani. Ni dai na fi son ya zauna da iyayenki ya yi musu bayanin ma'anar cikin ladabi kafin ranar suna, domin su ne za su riƙa kiran jikarsu da shi. Wallahu a'alam.