Ga mai son zuwa Saudiyya da digirin injiniya: fara da ruwan teku

Assalamu alaikum ƙanena. Ka ce ka gama digiri a injiniyan sinadarai, ka kammala bautar ƙasa, labarin NEOM, katafaren aikin gina sabbin birane a Saudiyya, da manyan tashoshin sola ya cika maka kunne. Kana tambaya wane fanni za ka kama, kuma ko ka shigo da bizar Umara ka nemi aiki daga nan.

Ta biyun ba ta da tsawo: kada ka soma. Bizar Umara ba ta aiki ba ce, babu kamfanin da zai ɗauki injiniya ba igama, wato katin izinin zama a ƙasar, wanda ya wuce wa'adinsa kuwa ya zama takari, ƙarshensa tarhil, wato a kama shi a mayar da shi gida. Ko da bizar aikin ce, ba za a rubuta maka injiniya a igama ba sai da rajistar Hukumar Injiniyoyi ta Saudiyya, ita kuma shekara biyar na aiki take nema daga baƙo. Ƙofarka ita ce karatu. Jami'ar KAUST da ke Suwal, arewa da Jidda, an buɗe ta a 2009, digiri na biyu da na uku kawai take yi, da Turanci, kuma wanda ta ɗauka tana biya masa kuɗin makaranta da masauki da alawus. Akwai kuma KFUPM, jami'ar man fetur da ma'adinai, a Dahran. Tanadi sakamakonka na kowane zango, da wasiƙun malamai uku, da jarrabawar IELTS ko TOEFL.

Fanni kuwa, a ganinmu tace ruwan teku ya fi dacewa da kai. Saudiyya ba ta da kogi ko ɗaya mai gudana duk shekara. Ruwan famfon Makka da Jidda galibi daga Bahar Maliya yake. A da dafa ruwan ake yi a tara tururinsa, abin na cin mai ba kaɗan ba. Yanzu an karkata ga tacewa da tantani, wata siririyar fata mai barin ruwa ya ratsa ta tare gishiri, hanyar da ma'aikata ke kira RO. Tashar Rabigh 3 kaɗai tana iya fitar da lita miliyan 600 a rana.

Ga yadda yake. Litar ruwan Bahar Maliya tana ɗauke da gishiri kusan giram 40, na Tekun Fasha ya ɗara haka. Ana jawo shi, a zuba kulorin don kashe ƙwayoyin cuta da sauran ƙananan halittu, a bi da shi ta matatar yashi, sannan ta filta mai ramin maikuron 5 (maikuron 1,000 ne milimita ɗaya). Daga nan famfo ya matsa shi da ƙarfin bar 55 zuwa 70 (bar ma'aunin matsi ne) cikin dogayen bututu, kowanne da naɗin tantani shida zuwa takwas a jere. A cikin lita 100, kamar 40 zuwa 45 ne ke ratsawa su fito garau. Ragowar ruwan zartsi ne mai kauri, amma yana fitowa da matsinsa, shi ya sa ake bi da shi ta wata na'ura da ke miƙa matsin nan ga sabon ruwa mai shigowa. Wannan dabarar ce ta sauko da cin wuta zuwa yunit 3 ko 4 a kan lita 1,000.

Inda aiki ke ɓaci nan ake gane gwani. Kulorin ɗin da ya yi amfani a farko, shi ne ajalin tantani: yana cinye fatarsa, gishiri ya riƙa zurarewa, kuma ba ta gyaruwa sai canji. Dole a kashe shi da sinadarin bisalfait kafin ruwa ya isa famfo. To da an cire kulorin sai ƙwayoyin su farfaɗo, su yi yauƙi a kan tantanin, musamman da zafi. Alamarsa, bambancin matsi tsakanin mashiga da mafita ya riƙa hawa, ruwan da ke fita ya ragu. Ƙa'ida ita ce a wanke tantanin da zarar bambancin matsin ya tashi da kashi 15 cikin 100, da ruwan alkali don yauƙi, da na asid don ɓawon gishiri. Mai jinkiri zai wanke ya ga bai koma daidai ba. Ruwan da ya fito ma ba a sake shi haka, don ba ma'adini a cikinsa, yana cin bututu. Sai an ƙara masa farar ƙasa da iskar kabon.

Sola ma akwai aiki, ga tashar Sakaka mai megawat 300, ga ta Sudair mai 1,500. Sai dai yawan rana ba shi ne yawan wuta ba: faifan da ya yi zafin digiri 65 yana asarar kusan kashi 15 na ƙarfinsa, ƙura kuma ta ƙara nata, har mutum-mutumi ake sawa yana share su ba ruwa.

Kafin ka cike takarda, nemi masana'antar ruwan leda ko na roba a garinku mai injin RO, ka roƙi su bar ka wata uku. Matsinsu bai kai na teku ba, ruwan rijiyar burtsatse ne, amma tantanin da filtar da ciwonsu duk iri ɗaya ne. Riƙa rubuta matsi da yawan gishirin ruwa kullum a littafi, ka sa abin da ka gano a wasiƙar neman gurbinka.