Kada ka rubuta sunan kwikwiyon nan tukuna

Kai yaro, ajiye biron nan ka zauna. Ka ce wani mutum ya buga maka waya yana so a sa kwikwiyonsa, Rotwaila ɗan sati 10, a ajinmu na horar da karnuka na ranar Asabar tare da sauran karnuka. Ya turo maka hoton katin rigakafi ta WhatsApp, kuma ya ce zai biya kuɗin wata 2 lokaci guda. Shi ne kake tambayata ko ka rubuta sunansa. Kada ka rubuta. Na ga yadda idonka ya yi haske da ka zo kan zancen kuɗin, kuma irin wannan hasken ido ne ya taɓa jawo mini asarar da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Lokacin ban gina wannan wurin ba. Wani fili nake haya a bayan gari nan Kaduna, ƙasa ce zalla, babu siminti ko taki ɗaya. Ina da ajin 'yan kwikwiyo 9, duk na manyan mutane, kuma ba yabon kai ba, a lokacin duk wanda ya sayi kare mai tsada a unguwannin nan ni ake nuna masa. Wata Asabar da damina sai ga wani mutum a babbar mota, ƙamshin turarensa ya riga shi fitowa. Ya sauko da ɗan Bobel, irin karnukan Afirka ta Kudu ɗin nan, ya miƙo mini kati da hatimi da sa hannu, komai tsaf. Na duba kwikwiyon na ga jikinsa a sanyaye. Na miƙa masa busasshiyar hanta, ya sansana ya kau da kai. Ɗan kwikwiyo mai lafiya ya ƙi hanta? Zuciyata ta gaya mini gaskiya a nan take. Mutumin ya ce zafin mota ne, ya zaro kuɗi ya ƙirga mini a hannu. Na karɓa. Wannan laifina ne, kuma ban taɓa ɗora wa kowa shi ba.

Awa ɗaya ya yi a filin. Ya yi zawo sau ɗaya a gefe, muka zuba ƙasa a kai muka ci gaba.

Kwana 5 bayan nan waya ta fara ƙara. Wannan ya ce nasa yana amai, wancan ya ce nasa ya ƙi cin abinci, wata baiwar Allah tana kuka tana cewa zawon jini ne. Fabo ce, wato parvo, muguwar cutar nan mai yaɗuwa tsakanin karnuka. Kai ba ka taɓa jin warin zawon fabo ba, shi ya sa kake tambayata da murmushi. Wanda ya ji shi sau ɗaya ba ya mantawa. Cutar nan sai a 1978 ta bayyana a duniya, amma ba a ɗau lokaci ba ta game ko'ina. Tana cinye bangon hanji, ruwan jikin kwikwiyo ya tsiyaye ta sama da ƙasa. A lokacin babu allurar da likita zai yi ta kashe ƙwayar nan take. Sai dai ƙarin ruwa, da maganin tsayar da amai, da maganin da zai tare wasu cututtukan kada su shiga jini, sannan a jira hukuncin Allah. A cikin 9 ɗin nan, 5 suka mutu.

Ban gama da wannan ba, sai ta biyo ni gida a tafin takalmina. Karyata Alseshan tana da 'ya'ya 6, sati 7 da haihuwa, an riga an ba ni kafin alƙalami a kan 4 daga ciki. Kwana 3 ina tsugune a kansu ina riƙe da robar ƙarin ruwa da fitilar hannu. Biyu kawai suka tashi.

Da na samu kaina na ɗauki katin na tafi wajen likitan dabbobin da sunansa ke jikin hatimin. Ya juya katin gaba da baya ya ce bai taɓa ganin karen nan ba. 'Yan takardun da aka manna, daga jikin tsofaffin kwalaben allura aka ɓamɓaro su. A bakin titi aka sayi kwikwiyon, da katinsa a haɗe kamar rasit. Da a nan abin ya tsaya da na ce shi ma mutumin cutarsa aka yi. Amma maigadin gidansa da bakinsa ya gaya mini cewa biyu aka sayo, ɗayan ya mutu da zawon jini kwana 2 kafin a kawo mini wannan. Ya sani. Ya ga gawar ɗan'uwan kwikwiyon da idonsa, ya ɗauko wanda ya rage ya shigo da shi cikin karnukan mutane, ya dubi tsabar idona ya ce zafin mota ne. Kuma da nasa ya mutu, ya aiko direbansa wai in mayar masa da kuɗinsa tunda ba a gama darasi ba. Na mayar wa kowa kuɗinsa, ban da shi. Filin ma barinsa na yi da sauran kuɗin hayata a ciki, don ƙwayar fabo tana iya zama a ƙasa mai inuwa da danshi har shekara. Ba a wanke ƙasa. Shi ya sa ka ga na zuba siminti a nan, shi ya sa nake sa ka wanke shi da bilic, awo 1 a ruwa awo 30, kana ta tura baki kana ganin wahalar da kai nake yi.

To ga abin da za ka yi. Hoto ba kati ba ne. Ya kawo katin a hannu, ka duba takardar da aka manna, da lambar allurar, da ranar da take lalacewa. Ka karɓi lambar likitan ka kira shi a gaban mutumin. Ka tambaye shi inda yake ajiye allurarsa in an ɗauke wuta, don rigakafin nan sanyin firji take so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, wadda ta kwana a zafi ruwa ce kawai aka ɗura wa kare. Ana fara allurar daga sati 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane sati 3 ko 4, ta ƙarshe a sati 16, saboda kariyar da kwikwiyo ya sha a nonon uwarsa tana iya hana ta farko kamawa. Akwai masu karɓar kwikwiyo sati ɗaya bayan allurar farko. Can su. A wurina sai ya yi allura 2, ya ƙara sati ɗaya a kai, balle Rotwaila da fabo ta fi yi wa mugun kamu. Allurar haukan kare kuma a wata 3, wannan ba a ciniki a kanta, don ran mutum ne. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos tana yin ta a ƙasar nan, babu wanda zai ce mini bai samu ba.

Yadda ake koya masa zama da kwanciya da tafiya a gefen ƙafa, wannan ba zan ɓata yawuna ba, wata 8 kana kallona. Ku yaran yanzu abin da kuka fi so ke nan, a ɗauke ku a waya kare yana ba ku hannu a sa a TikTok. Ba ku san rabin sana'ar nan a bakin ƙofa ake yin ta ba, kafin kare ya sauko daga mota. Mu da muka koya, sai da muka shekara muna kwashe kashi da cire kaska kafin a bar mu mu riƙe sarƙa.

Amma kada ka ce wa mutumin ya kulle kwikwiyon a keji har sai ya girma. Daga sati 3 zuwa wajen 14 ne yake saba wa mutane da ƙarar babur da yara, in wannan lokacin ya wuce yana kulle, matsoracin kare za a samu, kuma matsoraci shi ke cizo. Ka je gidansa ka fara masa a can. Ka sauya takalmi kafin ka tafi, ka wanke su da bilic in ka dawo. Ka kuma gaya masa shi da kansa zai riƙa zuwa aji, ba yaron gidansa ba.

Tashi ka kira shi. Ka ce ya kawo katin ranar Alhamis, ya bar karen a gida.