Tambaya da Amsa: Shin jami'a na da hurumin kira wa ɗalibanta 'yan sanda?

Tambaya: Barista, ɗana yana aji uku a jami'a. Sun yi zanga-zanga kan ƙarin kuɗin makaranta, 'yan sanda suka shigo da barkonon tsohuwa, aka rufe makarantar. Yanzu an aiko masa da takarda ya bayyana gaban kwamitin ladabtarwa, wai yana cikin waɗanda suka farfasa ofis. Ya rantse mini bai taɓa komai ba. Shugaban jami'a yana da ikon kiran 'yan sanda? Kuma za su iya korar yaron?

Amsa: Hajiya, Allah ya kawo sauƙi. Eh, yana da iko. A Najeriya babu dokar da ta mayar da harabar jami'a wurin da ɗan sanda ba ya shiga, kuma tsaron rai da dukiya a ciki yana wuyan shugaban ne. Sai dai ita ma zanga-zangar lumana ba laifi ba ce. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba da 'yancin taro, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa ba sai an nemi izinin 'yan sanda ba.

Ni dai a ganina, kiran 'yan sandan kwantar da tarzoma shi ne abin ƙarshe da shugaba mai hankali zai yi, domin da zarar motarsu ta wuce ƙofa, umarni ya bar hannunsa. An gani a Zariya. A Mayun 1986 ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello sun yi jerin gwano don tunawa da 'yan uwansu da aka kashe a rikicin 1978, hukuma ta hukunta shugabanninsu, magana ta yi zafi, aka kira 'yan sanda, aka yi asarar rayuka. Sai da gwamnatin Babangida ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Janar Abisoye. A Yamai ma har yau ɗalibai na tunawa da 9 ga Fabrairu 1990, ranar da jami'an tsaro suka buɗe musu wuta a gadar Kennedy.

Amma batun korar shi ne ya fi shafar ki, kuma a nan doka tana gefen yaron fiye da yadda kike zato. Bayan tarzomar 1983 a Jami'ar Maiduguri an kori ɗalibai bisa zargin ƙone-ƙone da sata. Suka kai ƙara har Kotun Ƙoli, ita kuma a 1986 ta soke korar. Dalili biyu ta bayar. Wanda ya shugabanci kwamitin binciken mataimakin shugaban jami'ar ne, alhali shi kansa tarzomar ta shafa, ka ga mai ƙara ya zama alƙali ke nan. Sannan ƙone-ƙone da sata laifuka ne da kotu kaɗai ke da hurumin yanke hukunci a kansu, ba kwamitin malamai ba. Jami'a za ta iya ladabtar da ɗalibi kan saɓa ƙa'idojinta, amma wajibi ne a faɗa masa tuhumar dalla-dalla, a nuna masa shaidar, a kuma saurare shi.

Don haka kada ya ƙi zuwa. Rashin zuwan ne zai ba su hanya. Ya nemi tuhumar a rubuce, ya ajiye kwafin kowace takarda har da ambulan ɗin da ke ɗauke da kwanan wata. Ya tuna inda yake a lokacin da aka fasa ofishin, da waɗanda suka gan shi. Wani abu da yara ke faɗawa ciki shi ne takardar neman afuwa da ake miƙa musu a ce su sa hannu "a wuce wurin". Sau da yawa akwai layin amsa laifi a ciki. Kada ya sa hannu sai lauya ya karanta. Idan hukunci ya fito bai gamsu ba, ya fara ɗaukaka ƙara gaban majalisar gudanarwar jami'ar cikin wa'adin da dokarta ta tanada, kafin a je kotu.