Ba teburin kodon ne ya cuce ki ba, ƙanwata

Wallahi da na karanta tambayarki sai na ji kamar ni na rubuta ta. Kin ce kin haddace teburin kodon tsaf, wato teburin da ke nuna amino asid (tubalin gina furotin) da kowane haruffa uku ke nufi, amma duk jerin haruffan DNA (sinadarin gado) da aka ba ki, furotin ɗin da kike fitarwa ba ya dacewa da amsar malami. Ramin da na faɗa ke nan.

A wani gwaji aka ba mu zaren DNA da ake kwafa daga gare shi, TAC AAA ATT. Na fitar da mRNA, wato kwafin saƙon DNA ɗin, daidai, AUG UUU UAA, sai rawar kai ta sa na ƙara juya shi zuwa antikodon, wato haruffa ukun da ke jikin tRNA (mai ɗauko amino asid) waɗanda ke haɗuwa da kodon, na ɗauki UAC na duba tebur, na rubuta amino asid tairosin. Ashe methayonin ce, wadda AUG ke nufi. Malamin nan ya ɗaga takardata a gaban aji, ya ce a tafa wa wadda ta ƙirƙiro sabon furotin. Aka bushe da dariya. Na sunkuyar da kai ina kallon biro, hawaye na ɗiga kan littafina. Kuma mutumin bai taɓa buɗe baki ya ce mana da mRNA kaɗai ake karanta teburin ba, shi dai ya karanto ya fice. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

To ki riƙe wannan. tRNA ɗan dako ne, amino asid yake kawo wa raibosom, inda ake haɗa furotin; antikodon ɗinsa kuwa kada ki kai shi tebur. Ki riƙa rubuta 5' da 3', alamomin da ke bambanta bakuna biyu na zare, a bakin kowane zare kafin komai, don daga 5' ake karanta mRNA. Ki nemo AUG, kodon ɗin farawa, tukuna sannan ki yanka uku-uku; in kika zame da harafi ɗaya, duk abin da ya biyo baya ya lalace. In kuwa ɗaya zaren DNA ɗin aka ba ki, wanda ba daga shi ake kwafa ba, T kawai za ki mayar U ki sami mRNA.

Haddar kodon 64 ɗin ma ɓata lokaci ce a ganina, UAA, UAG da UGA masu tsayar da aiki su ne dole.

Ni sai da na karanta kan sikila abin ya zauna min: a DNA GAG ya koma GTG, amino asid balin ta maye gurbin gulutamik asid a matsayi na 6 na sarƙar beta ta himogulobin, furotin ɗin jini mai ɗaukar iskar oksijin. Harafi ɗaya fa! Turo jerin da ya ba ki wahala mu warware shi tare.