Amsa ga Alhaji kan 504 da motocin yanzu

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji, na saurari muryarka tun da safe, inda kake cewa motocin zamanin da ƙarfe ne zalla, na yanzu kuwa gwangwani, da an taɓa sai su lotse. To ranka ya daɗe, rabin maganarka na yarda da ita, rabi kuma ka yi mini haƙuri.

Ni a kan Peugeot 504 na koyi aikin kanikanci, Fijo ɗin nan da aka fara haɗawa a Kakuri, Kaduna, a 1975. A Faransa ta fito tun 1968. Abin da ya sa ta karɓi ƙasarmu, tayoyin baya ne ke tura ta, ga ta da tsayi daga ƙasa, ga laushi a gargada. Ka loda mata buhuna ta shiga hanyar ƙauye ba ta ce uffan ba. Na farko-farkon ma giyarsu a jikin sitiyari take. Safayar taya kuma ba a cikin but take ba, tana rataye a ƙarƙashi ta baya, don haka ba sai ka sauke kaya kaf kafin ka canza taya ba. Da sanyin safiya kuwa sai ka ja cok, abin da ke rage wa inji iska don mai ya yawaita, kafin ta tashi, yaran yanzu ba su ma san shi ba.

Idan ta mutu maka a daji, wallahi sukundireba da sifana sun ishe ka. Ka kwance kafireta, inda mai ke gauraya da iska, ka hure datti da baki, ka goge fulogi, a tura, ta tashi. Na sha yin wannan a bakin titi da tocila a haƙorana. Motar yanzu kwamfuta ce ke auna mata mai da iska, sai an jona na'ura ta faɗi inda ciwon yake. Nan kam ina tare da kai, Alhaji, abin yana mini ciwo, domin ya raba direba da motarsa.

Ita kuwa Volkswagen Beetle, mai kama da kunkuru, komai nata a juye yake: inji a baya, but a gaba, batir a ƙarƙashin kujerar baya. Ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya ta. A wasu ma iskar safayar taya ce ke feso ruwan wanke gilashi.

Amma maganar lotsewa, don Allah a saurare ni. Da gangan ake ƙera gaban motar yanzu ya murƙushe, don ya shanye ƙarfin karon kafin ya kai ga mutum. Tsohuwar mota takan fito da ɗan kyanta, na ciki ne ke biya. Na taɓa zuwa janyo wata tsohuwar mota bayan hatsari, bonet ɗinta bai wani lalace ba, amma sitiyarin ya lanƙwashe, ƙirjin direban ne ya lanƙwasa shi. Allah ya jiƙansa. Ba bel a jikinsa, ba jakar iskar nan da ke fitowa daga sitiyari. Har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Saboda haka yaron nan naka da zai riƙa zirga-zirga tsakanin Kano da Abuja, ka sama masa ta zamani, ka kuma matsa masa ya riƙa ɗaura bel. Fijon nan taka kuma kar ka sayar, ka kawo mini ita ranar Asabar in duba kafiretar.