Awa nawa ne daga Kano zuwa Guwanzu, kuma Baba zai iya jurewa?

Tambaya: Mahaifina zai je Guwanzu da ke ƙasar Sin sarin kaya ta Addis Ababa. Tikiti ya nuna za su tashi daga Addis sha biyun dare, su sauka uku da rabi na yamma. Awa goma sha biyar da rabi ke nan a sama! Ga shi ƙafarsa tana kumbura. Wani mai kemis ya ce ya sha maganin barci, ya rage ruwa, sai dai ya farka a can. Hankalina ya tashi.

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, lissafin ne ya ruɗe ka. Kowane lokaci da ke jikin tikiti agogon garin ne, kuma Guwanzu ta riga Addis da awa 5, ta riga Kano da awa 7. Cire biyar, saura goma da rabi, tafiyar kilomita kusan 8,000. Kano zuwa Addis kuma wajen kilomita 3,300 ne, awa huɗu da wani abu. Dawowa takan ɗan fi tsawo saboda iskar sama daga yamma take kaɗawa.

Maganar mai kemis ce ta dame ni, don kullum sai na ji irinta a bakin 'yan kasuwa da masu zuwa Umara. Wane ne ya koya wa mutane cewa dabara ce dattijo ya sandare awa goma a kujera, gwiwa a lanƙwashe, ba motsi ba ruwa? Haka jini ke daskarewa a jijiyar ƙwauri. In gudan ya ɓalle ya tafi huhu, mutum yana iya yanke jiki ya faɗi yana jiran jakarsa. Tun 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman tafiya na awa huɗu ko fiye yana ninka wannan haɗarin. Iskar cikin jirgi a bushe take kamar ta hunturu, sannan a ce a rage ruwa? Wasu don kada alwala ta karye suke yi, wasu kunyar tayar da na kusa da su. Akwai banɗaki, akwai famfo. Mai kemis kuwa ya karɓi kuɗinsa, ba ya cikin jirgin.

Baba ya ga likita kafin tafiya, tunda ƙafar tana kumbura, ya tambaye shi batun safa mai matse ƙwauri. A nema masa kujerar bakin hanya, ya riƙa miƙewa yana takawa, yana motsa idon sawu ko a zaune. A Addis ya zaga, kada ya sake neman benci. In ƙafa ɗaya ta kumbura da zafi, ko numfashi ya yi masa wuya, ko da mako biyu bayan sauka ne, asibiti za a nufa a ranar, a kuma gaya wa likita ya hau jirgi.