Amsa: Me ya sa sojojin Arewacin Amurka suka gaggauta kai wa New Orleans hari?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa a yaƙin basasar Amurka sojojin Arewa suka gaggauta kama New Orleans. Auduga ce, da neman iko da kogin Misisipi. A 1860 shi ne birni mafi girma a Kudu, mutanensa sun kusa 170,000, kuma ta bakin kogin Misisipi audugar da bayi suka noma ke fita zuwa masaƙun Ingila. Luwiziyana, jihar da birnin yake ciki, ta ɓalle daga tarayyar Amurka a Janairun 1861. Afrilun 1862 jiragen ruwan David Farragut, kwamandan sojojin ruwa na Arewa, suka kutsa tsakanin ganuwoyi biyu masu tsaron kogin, birnin ya faɗi kusan ba turjiya. Ni abin da ya fi ba ni mamaki, har Masar rikicin ya taɓa: da audugar Amurka ta yanke, manomansu suka samu kasuwa.